Haƙorin Makka da Giril: Kula da Abin da Zinari ya Rufe



Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Dagatai da masu unguwanni, ranku ya daɗe. Iyayena maza da mata, maniyyata aikin hajji, da samari da 'yan matan da suka tsaya ta bakin taga, barkanku da zuwa. Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama a nan Kumbotso da suka ba ma'aikacin lafiyar haƙori wuri a tsakanin malaman bita. Na san akwai waɗanda suka taso tun asuba daga Kura da Bunkure da Garun Malam, suka bar ban ruwa a hannun yara. Allah ya sa tafiyar ta yi amfani.

Maganar da zan yi ta shafi tsarabar da alhaji ko hajiya ba ta sa wa a jaka, wato haƙorin Makka, rufin zinari ko azurfa da ake kifawa a kan haƙori. Ta kuma shafi ƙaninsa da ya shigo kwanan nan ta wayar salula, wanda samari ke kira giril: jerin haƙoran ƙarfe masu ƙyalli, wasu da duwatsu a jiki, da ake ɗora wa a kan haƙora a cire idan an so. Akwai na uku, ɗan dutse guda da 'yan mata ke mannawa a fuskar haƙori. Ban zo don in kushe ko ɗaya ba. Mu mutane ne masu son ado a baki tun asali. Kakanninmu mata sun yi fure da goro har haƙoransu suka yi ja, ana yaba wushirya, ana yaba fararen haƙora a jere. Kuma ba mu kaɗai ba. Mutanen Etruriya a tsohuwar Italiya sun ɗaura wa haƙora zinari ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Maya a nahiyar Amurka sun huda haƙori sun dasa koren dutse, a Bolinao ta ƙasar Filifin an tono ƙoƙon kan mutum da haƙoransa a lulluɓe da ɓarɓashin zinari. Giril ɗin da yaranmu ke gani ya yaɗu ne a tsakanin mawaƙan baƙaƙen fata na birnin Niyok a shekarun 1980, inda ake yawan ambaton wani maƙeri mai suna Eddie Plein, sannan ya cika duniya bayan waƙar da Nelly ya fitar a kansa a 2005.

Namu kuwa yana da nauyin da nasu ba shi da shi. A zamanin da ake tafiya hajji ta ƙasa, a ratsa Barno da Chadi da Sudan a tsallake Maliya, mutum kan yi shekaru a hanya, wanda ya dawo kuwa ya dawo da suna. Yau jirgi ne daga filin Malam Aminu Kano, amma kuɗin kujera ba wasa ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, manomi nawa ne ya tara kuɗin shinkafa da alkama da tumatir da albasa, rani bayan rani, har ya biya wa kansa ko mahaifiyarsa? Wanda ya yi wannan, idan ya ce yana son wata alama a bakinsa, ba ni da bakin hana shi. Abin da nake roƙo shi ne alamar kada ta ci haƙorin da ta hau.

Domin shi zinari ba ya ruɓa. Haƙorin da ke ƙarƙashinsa ne ke ruɓa, kuma yana yi ne a ɓoye. Mutane sukan tambaye ni da me za su goge haƙorin Makka ya riƙa ƙyalli. Ba kasafai ake tambayata da me za a tsare na Allah da ke ciki ba, alhali shi ne ba a sayarwa a kasuwa.

Bari in faɗi yadda ɓarnar ke faruwa, don wanda ya fahimci wannan ba ya buƙatar a lissafa masa dokoki. Haƙori yana da farin ɓawo a waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. A kan turame kaurinsa yakan kai milimita 2.5, amma a fuskar haƙoran gaba, inda aka fi sa ado, bai fi milimita guda ba, kuma yana ƙara sirancewa wajen dasashi. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai taushi, a can ciki kuma jijiya da jini. A bakin kowannenmu akwai ƙwayoyin bakteriya, suna taruwa su zama wannan farin datti mai yauƙi da kake kankarowa da farce da safe. Idan ka sha shayi mai siga, ko lemon kwalba, ko ka tauna rake, su ma sun samu abinci. Suna cin sigan su fitar da asid, asid ɗin kuma ya fara narkar da farin ɓawon nan. Abin da Allah ya tanada don kare haƙori shi ne yawu: yana wanke tsamin, yana mayar wa haƙori sinadaran da suka zube. To, duk abin da ka kifa a kan haƙori ya tare wa yawu hanya. Idan rufin ya zauna daram, ba ƙofa ko kaɗan, ba laifi, don dattin ma ba zai shiga ba. Idan kuwa akwai 'yar tazara, ko da ta sirantar gashi ce, ruwan siga zai shiga, ƙwayoyin za su shiga, buroshi da asuwaki da yawu kuma su tsaya a waje.

Ku manoman rani kun fi ni sanin wannan. Kanal ɗin siminti ba ta tsakiyar falanki yake lalacewa ba. Ta mahaɗa ruwa yake tsiyaya, ya riƙa cin ƙasar da ke ƙarƙashi a hankali, sama kuwa simintin lafiya lau, har ranar da zai rufta gaba ɗaya. Mahaɗar haƙorin Makka ita ce layin nan da ƙarfe ya haɗu da dasashi. Duk kulawar da zan faɗa a kan layin nan take.

Wani abin da ke ba mu wahala a asibiti shi ne hoton haƙori ba ya ratsa ƙarfe. Idan muka ɗauki hoton, zinari ko azurfa fari fat yake fitowa, ya rufe abin da ke bayansa. Sai dai mu duba gefuna da saiwa mu yi ƙiyasi. Sau da yawa ranar da aka cire rufin ne ake ganin abin da ya rage: ɗan baƙin kututture mai laushi da wari, a wurin da a da yake lafiyayyen haƙori. Abin yana taɓa ni ƙwarai idan na ga dattijuwa ta rufe baki da mayafi a kan abin da ta sa don farin ciki.

Saboda haka rabin kulawa tun ranar sawa ake yin ta. Tun ran gini ran zane. Maniyyata, a nan nake so ku ba ni kunnuwanku sosai. A kusa da masaukan alhazai a Makka da Madina za ku samu masu sa haƙori, wasu a shago, wasu a ɗaki, da yawa suna jin Hausa, kuma za su ce minti kaɗan ne an gama. Galibi abin da ke hannunsu ƙoƙo ne da aka riga aka ƙera, manya da ƙanana, a gwada wanda ya fi kusa da naka, a matse bakinsa, a cika da siminti a danna. Haƙoran mutane kuwa ba su zo ɗaya ba. Aikin da likita ke yi daban ne: yakan ɗauki awon bakinka da wani abu mai laushi, a zuba samfurin haƙorinka, a ƙera rufin a kansa, yadda bakin ƙarfen zai kwanta a jikin haƙori ba rata. Bambancin waɗannan biyun ba ya fitowa a makon walima. Bayan shekara biyu ko uku yake fitowa.

Idan ƙoƙon ya ƙi shiga, mai sawa yakan ɗauko abin gugar ƙarfe ya rage gefen haƙorin. Ina roƙonku kada ku yarda a kankare lafiyayyen haƙori don ado. Farce yana tofowa, gashi yana tofowa, fata tana warkewa, amma farin ɓawon haƙori idan ya tafi ya tafi har abada. Wanda aka kankare wa haƙori ya ɗaura aure da rufi ke nan, ranar da ya cire zai ji ruwan randa kamar allura. Akwai kuma wanda ke da baƙin haƙori ko mai kogo, ya ce bari ya rufe shi da gwal a huta. Wannan ya fi kowanne haɗari, don an kulle cuta a ɗaki mai ɗumi da danshi. A fara kwashe ruɓar a cike kogon, sannan a yi maganar ado. Shi ya sa nake ba da shawara kowane maniyyaci ya je a duba masa baki kafin tashi, ko yana da niyyar sa haƙori ko ba shi da ita. Ciwon haƙori a Mina ba abin da za ka so wa kanka ba ne.

Ku dubi kayan aikin ma. Dasashi yana fitar da jini da ɗan taɓi kaɗan, kuma ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a jikin ƙarfe mako guda cur, ko da jinin ya bushe ba a ganinsa. Shafa auduga da sifirit ba ya wadatarwa. A asibiti ana dafa kayan ne a tukunyar tururi mai matsi, zafinta ya kai digiri 121 ko fiye. Idan ka ga abin da aka ciro daga bakin wanda ke gabanka a layi shi za a sa a naka, ka tashi, ba kunya a nan.

Sai maganar ƙarfen kansa. Tsantsar zinari shi ne karat 24, amma yana da laushi, shi ya sa ake gauraya shi. Karat 22 kusan kashi 92 cikin ɗari zinari ne, karat 21 da aka fi sayarwa a kasuwannin Saudiyya kashi 87.5 ne, shi ne za ku ga an buga masa lamba 875, karat 18 kuma kashi 75, lambarsa 750. Waɗannan duka suna zama a baki lafiya. Matsalar tana ga wanda aka yi da tagulla ko wani farin ƙarfe aka watsa masa ruwan gwal. Ruwan yakan goge cikin watanni, ƙarfen ciki ya fara haɗuwa da yawu, mutum ya riƙa jin ɗanɗanon ƙarfe, dasashi ya yi duhu. Da yawa daga irin waɗannan akwai nikel a ciki, kuma akwai mutane masu yawa, musamman mata, da jikinsu ba ya shiri da nikel. Hajiya, idan ɗan kunnen roba-roba na kasuwa yana sa miki ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne, to wannan ƙarfen ne, kada ki kai shi bakinki. Araha ba ta ado.

Maza sun fi sa azurfa, saboda abin da muka sani na hanin zinari a kansu. Hukuncin namiji ya sa gwal don kwalliya, da hukuncin kankare haƙori don kyau, malamai ga su nan zaune, su za su yi muku bayani, ba fannina ba ne. Abin da ke fannina shi ne wani labari da Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka kawo, na sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa, sai ya yi masa wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinari. Abin da ya sami Arfaja shi muke gani yau. Azurfa tana haɗuwa da sinadarin farar wuta ta yi baƙi, wannan sinadari kuwa yana cikin albasa da tafarnuwa da ƙwai, yana kuma cikin iskar da ƙwayoyin baki ke fitarwa. Don haka, Alhaji, mai haƙorin azurfa ya fi mai na gwal buƙatar tsabta. Idan ya yi baƙi, kada ka shafa masa man goge azurfa na 'yan koli, ba a yi shi don baki ba. Likita yana da abin da zai goge maka shi cikin 'yan mintoci.

Yanzu ga wanda ya riga ya sa, wanda ba ya cirewa. Goge baki sau biyu a rana, da safe da kuma lokacin kwanciya, kuma na daren ya fi muhimmanci domin yawu yana raguwa idan mutum ya yi barci. A sami buroshi mai laushi. Mutanenmu suna son mai tauri, suna ganin shi ya fi fitar da datti, alhali dasashi yake turawa baya ya tone mahaɗar da muke son karewa. A karkata bakin buroshin ya fuskanci dasashi, a riƙa ɗan kewayawa a hankali a kan layin nan, ta waje da ta ciki, gaba ɗaya bakin ya sami kamar minti biyu. Man goge bakin ya zama mai fulorayid, za ku ga an rubuta adadinsa a jiki, daga 1,000 zuwa 1,500. Idan an gama a tofar, kada a kuskure da ruwa nan take, a bar sauran man ya yi aikinsa. Buroshin da gashinsa ya baje ya gama amfani, kusan duk wata uku a sake.

Asuwaki alheri ne, na Makka ko na darbejiya, kuma wanda ke yin sa a kowace alwala ya riga mutane da yawa. Sai dai a riƙa yanke bakinsa ana sabuntawa, a tauna ya yi laushi, kuma kada a riƙa tura shi daga sama zuwa bakin rufin da ƙarfi kamar ana son ɓanɓare shi. Amma asuwaki da buroshi duka ba sa shiga tsakanin haƙora biyu, a nan ne kuwa zaren nama da ɓawon wake ke maƙalewa. Mu mun saba da tsinken tsintsiya da ashana, wasu har da allura ko fil. Waɗannan suna buɗe bakin ƙarfen, suna huda dasashi. Akwai zaren sakace a kantin magani. A zura shi a hankali tsakanin haƙoran, a rungumo gefen haƙorin da shi a goga sama da ƙasa, sannan a saki gefe ɗaya a zare shi ta gaba, kada a fizge shi ta inda ya shiga, don zai iya ɗago rufin. Bayan ka zare, ka sansana zaren. Idan wurin haƙorin Makka kaɗai ke ba da wari kullum, akwai abin da ke faruwa a ciki.

Gawayi da toka da gishiri da yashi, waɗanda wasu ke dirza wa don haske, a bar su. Zinari ya fi haƙori laushi nesa ba kusa ba, duk dirzawa tana cin sa, tana kuma barin ƙananan zane da datti zai zauna a ciki. Na sha ganin rufin da ya huje ta tsini saboda dirza. Rake kuma, na san a ƙasar Kura nake magana, ba zan ce a daina ba. A fere shi a yayyanka, a tauna da turame, kada a ɓare shi da haƙorin ado, sannan a kuskure baki da ruwa bayan an gama. Haka goro da goruba da aya da ƙashi. Cingam da alewa mai danƙo suna tsige rufi. Buɗe kwalba da haƙori, da yage ledar taki ko ta maganin feshi da baki a bakin gona, wannan ko ba ka da haƙorin Makka ka daina, guba ce kake kai wa harshenka.

Masu ciwon siga su ƙara kula, domin ciwon dasashi yana saurin kama su, shi kuma yana ƙara rikita sigan. Mai juna biyu ma dasashinta kan kumbura ya riƙa jini, kada ta daina gogewa saboda jinin, ta dai sassauta hannu ta je a duba ta.

Samari, na zo kanku. Giril yana da fa'ida guda a kan haƙorin Makka: ana cire shi. To a yi amfani da wannan fa'idar. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka, ƙasar da abin ya fito, shawarar da take ba masu sa shi ita ce su cire kafin cin abinci, su wanke shi kullum, su kuma taƙaita lokacin da yake a baki. Ado ne na biki da ɗaukar hoto, ba a kwana da shi, ba a cin tuwo da shi, ba a shan lemo da shi, domin lemon zai kwanta tsakaninsa da haƙora shida ko takwas a lokaci guda. Kafin ka sa, ka goge bakinka. Idan ka cire, ka wanke hannu tukuna, musamman idan daga gona ko gareji kake.

Wankinsa ba wuya. A sami buroshi na biyu mai laushi wanda nasa ne shi kaɗai, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, da ɗigon sabulun ruwa na wanke-wanke. A fara da cikinsa, ramukan da haƙora ke shiga, domin nan ne dattin yake, ko da yake waje ne ido ke gani. Sannan a bi bayan duwatsun da gefensu da tsinin buroshi, a hankali. A ɗauraye sosai har santsin sabulu ya fita, a tsane da tsabtataccen ƙyalle mai laushi, a bar shi ya sha iska ya bushe kafin a rufe shi a akwatinsa. Wanda ya jefa shi a aljihu da danshi tare da makulli da canji, ya ciro ya mayar baki, ya san abin da ya ci. A yi wankin a kan kwano, ba a bakin kwata ko rijiya ba. Kada a sa masa man goge baki, yana dusashe ƙyallin. Kada a jiƙa shi a Hypo ko wani bilic, domin yana cin ƙarafan da aka gauraya da zinarin har ya yi rauni ya tsage. Kada a tafasa shi idan duwatsun da gam aka manna su, ko akwai roba a ciki. Idan ka kai shi wurin 'yan gwal gyara ko wanki, ka sani da ruwan asid suke aiki, don haka sai ka sake wanke shi da kanka sosai kafin ya koma baki.

Duwatsun suna buƙatar ido. Lokaci zuwa lokaci ka taɓa kowanne da farce ka ji ko yana motsi, ka shafa giril ɗin a jikin ƙyalle ka ga ko wani ɗan ƙarfe yana kama zare. Idan yana kamawa, ɗaya daga cikin faratan da ke riƙe dutsen ya buɗe, zai yanki leɓe, dutsen kuma yana hanyar faɗuwa. Daimon na gaske ya fi haƙori tauri da nisa, har na kwaikwayon ma ya fi shi, saboda haka idan dutse yana gogar haƙorin da ke fuskantarsa, haƙorin ne zai ci ƙasa. Wanda ya haɗiye dutse ko ƙaramin rufi, yawanci yakan fita da kansa. Amma idan ya sarƙe, tari ya ƙi tsayawa ko numfashi ya canza, to ya bi hanyar huhu, a tafi asibiti a lokacin.

Irin giril ɗin da ake sayarwa a leda, mai 'yar roba da ake narkarwa a ruwan zafi a cije, ba a yi shi don bakin kowa ba, kuma kusan duk ruwan gwal ne. Yana matse wasu haƙoran ya bar wasu, idan aka daɗe ana sawa yakan iya gusar da haƙori daga mazauninsa ko ya sa ciwon muƙamuƙi. Aron giril tsakanin abokai don ɗaukar hoto kuwa, daidai yake da aron buroshi. Kuma don Allah kada kowa ya sa gam ɗin da ake liƙa takalmi ko roba a bakinsa, ko don giril, ko don dutse, ko don mayar da haƙorin Makka da ya faɗo. Yana ƙone dasashi, yana kulle datti a ciki, ranar cirewa kuma yakan taho da ɓawon haƙori. 'Yan mata masu son dutse guda, likita yana da abin mannawa na musamman, irin wanda ake riƙe wayar gyaran haƙora da shi, ba sai an huda komai ba, kuma shi zai cire miki ya goge wurin idan kin gaji. Duk wanda ya ce sai ya huda haƙorin, ki ce kin fasa.

Alamomin da za su sa mutum ya nemi likita ba ɓoyayyu ba ne: jini daga gefen rufin duk lokacin gogewa, dasashi ya kumbura ko ya ja baya, baƙin layi a mahaɗa, tsami idan an sha sanyi ko zaƙi, rufin ya fara motsi, ko wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi yana fashewa yana dawowa. Akwai guda da ke yaudarar mutane. Haƙori ya yi ta ciwo kwana da kwanaki, rana ɗaya ya yi shiru, mutum ya ce Alhamdu lillahi ya warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, cutar kuma ta gangara saiwa tana tara mugunya. Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi suna rage zogi kafin gari ya waye, ba sa kashe cutar. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙona shi take yi, ruwan batir kuwa kada a ko fara. Idan kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, ga zazzaɓi, haɗiya ko buɗe baki ya yi wuya, wannan ya wuce ciwon haƙori, ana rasa rai ta haka. Ko tsakar dare ne a nemi mota.

Daga Kura ko nan Kumbotso, titin Zariya zai kai ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai sashen haƙori a can, inda ɗaliban Jami'ar Bayero ke koyon aikin, akwai kuma a Asibitin Murtala cikin gari. Mai haƙorin Makka ya riƙa zuwa a duba masa mahaɗar a kankare masa dattin da ya daskare, aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da ba abin da ke damunsa. Bayan an kwashe amfanin rani, kuɗi na hannu, lokaci ne mai kyau. Idan rufin ya faɗo, a ɗauraye shi a ƙulle a leda a taho da shi. In haƙorin ciki lafiya yake kuma rufin ya zauna daidai, za a wanke a mayar da simintin da ya dace. In kuma ba zai mayu ba, za a miƙa maka gwal ɗinka a hannu, a yi maganin haƙorin, sannan ku zauna da likita ku tattauna abin da za a sa a gurbinsa.

Na ga hannuwa sun fara tashi ta ɓangaren iyaye mata, sai mu fara da tambayoyinsu.